Masu tausa, ga amsar tambayoyinku kan ciwon hannu da baya

Babban yatsana yana ciwo bayan aiki. Haka abin yake ga kowa?

A'a. Da shi kake danna jikin mutane, alhali gaɓar gindinsa ƙarama ce, ba ta jure nauyi. Koma ga dunƙulen hannu, sangalin hannu da gwiwar hannu. In ya zama dole sai da shi, tallafe shi da ɗayan, kada ya lanƙwashe baya.

Yaya tsayin gadon tausa ya kamata ya kasance?

Tsaya a gefensa, ka saki hannu, ka dunƙule. Inda dunƙulen ya tsaya, nan ne tsayin. In ya zarce haka kafaɗa za ta sha wuya, in ya yi ƙasa sosai ƙugu ne. Na gaji da maimaita wannan.

Ciwo ya riga ya kama wuyan hannuna, kuma da wannan sana'a nake cin abinci. In daina ne?

To, nan sai an bi a hankali, don ya danganta da irin ciwon. In tsamin jiki ne da ke wucewa kafin gari ya waye, kwantar da hankalinka: rage yawan masu zuwa na mako 1 ko 2, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 10 zuwa 15 bayan aiki. In kuwa babban yatsa, manuniya da na tsakiya suna mutuwa, ko kana jin kamar ana tsira maka allura har ya tashe ka cikin dare, mai yiwuwa jijiyar da ta ratsa wuyan hannu ce ta matse. Sau da yawa ɗaurin da ke miƙar da wuyan hannu lokacin barci yana taimakawa, amma ba kowa yake yi wa ba. Akwai kuma wanda nasa ciwon a gefen babban yatsa yake: sa yatsan cikin tafi ka dunƙule, ka karkata hannun wajen ƙaramin yatsa, in ya soke ka, ana zargin kumburin jijiyoyin da ke ɗaga yatsan. Duk wannan hasashe ne daga nesa. In ya haura mako 2, ko kofi ya fara suɓuce maka, je asibiti sashen gashin ƙashi. Kuma don Allah a daina haɗiyar maganin rage ciwo na diclofenac ana komawa aiki. Ɓoye ciwon yake yi, ɓarnar na ci gaba, ga gyambon ciki da matsalar ƙoda a gaba.

Mutum nawa zan yi wa a rana?

Awa za ka ƙirga. Awa 4 zuwa 5 hannu a jiki ya isa, da hutun minti 10 zuwa 15 tsakani.

Daga ina ƙarfin dannawa zai fito?

Daga ƙafa. Ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a ɗan sake, wuyan hannu a miƙe, ka jingina nauyin jikinka.

A kan tabarma nake aiki fa?

Sa matashi ƙarƙashin gwiwa, ka matsa kusa da mutumin, ka riƙa sauya gefe. Daina miƙa hannu daga nesa.