Waiwaye: Yadda Cocin Katolika Ta Zo Ga Matsayinta Kan Ceto Da Alheri

A Garwa ko Ngaundare a arewacin Kamaru, duk Bahaushen da ya zauna da maƙwabta Kirista ya taɓa jin wannan magana: wai 'yan Katolika da aiki suke neman tsira, su kuwa Lutarawa, mabiya Martin Luther na Jamus, da bangaskiya kaɗai. Zancen yana da daɗin faɗa, amma idan aka bi sawunsa baya sai a ga bai kama gaskiyar lamarin ba.

Kalmar da rigimar ta rataya a kanta ita ce alheri, wadda masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka zaɓa. Mu a wurinmu alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato ana yin sa ana sa ran sakamako. Kiristoci kuwa abin da suke nufi da shi kyauta ce daga Allah wadda mutum bai yi komai ya cancance ta ba. To, idan kyauta ce zalla, ina amfanin ƙoƙarin ɗan Adam? Tambayar ke nan da aka shafe sama da shekara 1,600 ana juyawa.

A Afirka gardamar ta fara zafi. Wajen shekara ta 400 wani malami daga Birtaniya mai suna Pelajiyus yana Roma yana koyar da cewa mutum na iya bin dokar Allah da ƙarfin nufinsa, kuma zunubin Adamu bai gurɓata zuriyarsa ba. Wanda ya tsaya masa shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da a yau ake kira Annaba a Aljeriya. Agustin ya ce ɗan Adam raunanne ne tun haihuwa, ko sha'awar tuba ma Allah ne ke fara sa ta a zuciya. Majalisar bishop-bishop ta Kartej, kusa da Tunis ta yanzu, ta yi watsi da koyarwar Pelajiyus a 418. A 529 majalisar Oranj a kudancin Faransa ta ƙara tabbatar da cewa hatta farkon bangaskiya kyauta ce, amma ta ƙi yarda cewa Allah ya ƙaddara wa wani ya aikata mugunta. Ke nan kusan shekara dubu kafin a haifi Martin Luther, Coci ta riga ta rubuta cewa alheri ne ke gaba, aiki na biye.

Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ake yi a kasuwa daban. A farkon ƙarni na 16 ana yawo a Jamus da takardun sassauta horon zunubi ana karɓar kuɗi, wani ɓangare na kuɗin don gina cocin Bitrus a Roma. Talaka ya ɗauka aljanna ake sayar masa. Wannan ne ya harzuƙa Luther ya fito da batutuwansa 95 a Wittenberg a 1517, daga baya ya kafe a kan cewa ta bangaskiya kaɗai ake barata, wato Allah ya karɓi mutum a matsayin adali.

Amsar Katolika ta zo daga majalisar Trento a arewacin Italiya, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563. Hukuncinta kan barata ya fito ranar 13 ga Janairun 1547, kuma dokarsa ta farko ta la'anci duk wanda ya ce mutum zai barata da ayyukansa ba tare da alheri ba. A ganina nan ne ainihin saɓanin yake, ba inda ake nunawa ba. Luther na ganin Allah yana lasafta mai zunubi a matsayin adali saboda Almasihu, ko da yake har yanzu mai zunubi ne. Katolika na cewa alherin yana shiga cikin mutum ya sauya shi da gaske, ta hanyar sakramenti bakwai, wato manyan ibadun Coci, ciki har da baftisma, kuma mutum na da 'yancin amsawa ko ƙi. Yana iya rasa shi da babban zunubi, ya sake samu ta furta zunubi gaban fada, wato limamin Katolika. Ayyukan kirki suna da lada, amma ladan ma daga alherin ya tsiro. Lutarawa na yawan jawo wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, cewa da alheri aka cece ku, 'yan Katolika su ƙara da ta Yaƙub, cewa bangaskiya marar aiki matacciya ce. Takardun sassauta horon nan kuwa Paparoma Piyus na Biyar ya hana haɗa su da kuɗi a 1567.

Tsohuwar gardamar ta iso arewacin Kamaru ne a jakar 'yan mishan. Lutarawa daga Amurka da Norwe suka riga zuwa a shekarun 1920, shi ya sa hedikwatar babbar cocinsu take Ngaundare. Fadan Katolika na ƙungiyar Oblat sun iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na Garwa na farko, aka kuma kashe shi a Ngaundare a 1991. Jikokin waɗanda aka yi wa baftisma a lokacin sun gaji rigimar Jamus ba tare da sun san inda ta faro ba. Su kuwa manyan sun sassauta: ranar 31 ga Oktoban 1999 a Augsburg ta Jamus, Vatikan da Tarayyar Lutarawa ta Duniya suka sa hannu kan sanarwa cewa da alheri kaɗai, ta bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah ke karɓar mutum, ba don cancantarsa ba. 'Yan cocin Metodis sun shiga a 2006. Ba duk Lutarawa ne suka amince ba, kuma batun lada da furgatori, wato tsarkakewar da Katolika ke cewa ana yi wa wasu bayan mutuwa kafin su shiga aljanna, yana nan.

Akwai ɗaya ɓangaren da ya fi shafar unguwanninmu, inda Musulmi suka fi yawa. Tun ƙarni na 3 ake faɗin cewa babu ceto ga wanda ba ya cikin Ikilisiya, wato Coci, aka daɗe ana fassara shi da tsanani. Majalisar Vatikan ta Biyu, 1962 zuwa 1965, ta ce wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma yake neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto. Takardarta ta 1964 ta ambaci Musulmi da suna, cewa shirin ceto ya haɗa da masu shaida Mahalicci, Musulmi na sahun gaba. Kada mai karatu ya ɗauka an ce duk addinai ɗaya ne. A 2000 Vatikan ta sake jaddada cewa duk wanda ya tsira, ya sani ko bai sani ba, ta hanyar Almasihu ya tsira, maganar da Musulmi ba zai karɓa ba.

Tun kafin a rubuta waɗannan, wani fada ɗan kudancin Kamaru, Simon Mpeke, ya koma Tokombere a arewacin ƙasar a 1959 ya zauna cikin mutanen dutse, yana yawo ba takalmi, yana mutunta masu bautar gargajiya maimakon ya la'ance su. Baba Simon suke kiransa. Ya rasu a 1975, a Mayun 2023 kuma Paparoma Francis ya amince da nagartarsa, matakin da ake bi kafin a ayyana mutum cikin masu albarka.