Mai hannun jari ba shi ne mai dukiyar kamfani ba

Za ka ji ɗan kasuwa yana cewa, "Ai kamfanina ne, motocinsa da injinansa duk nawa ne." A hirar kasuwa maganar za ta wuce, a gaban alƙali kuwa ba ta da makama. Da zarar an yi wa kamfani rajista, doka na ɗaukarsa tamkar mutum mai zaman kansa: shi ke mallakar kadara, shi ke cin bashi, shi ake kai ƙara. Mai hannun jari yana da ikon jefa ƙuri'a ne da karɓar rabon riba idan an yanke a raba.

Shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila ce ta kafa wannan tushe, amma ta Macaura a 1925 ta fi nuna zafinsa. Macaura ya sayar wa wani kamfani katakon gonarsa a Arewacin Ailan, aka biya shi da hannun jari, kusan dukan kamfanin ya zama a hannunsa. Sai ya yi wa katakon inshora da sunansa. Gobara ta cinye katakon, masu inshora suka ƙi biya, kotun ƙoli ta Birtaniya ta goyi bayansu: katakon na kamfani ne. Hukuncin da ɗaci, amma daidai ne.

Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, tana kan wannan turba, har ta bar mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ba ta raba ka da kasuwancinka. Bashinsa naka ne.