Dokokin shigo da dabbobin gwaji da jigilarsu ta Legas

Dabbobin gwaji su ne waɗanda ake kiwo musamman domin binciken kimiyya, da gwada magunguna da alluran riga-kafi kafin a ba mutane, da kuma koyar da ɗaliban likitanci. Mafi yawansu ɓeraye ne, ƙanana da manya, sai zomaye da ɓeran Masar da kifi da kwaɗi, a wasu lokutan kuma birai. Shigo da su Najeriya da kai su daga wannan gari zuwa wancan yana ƙarƙashin dokoki da dama, kuma kusan duk wata dabbar gwaji da aka sayo daga ƙetare ta Legas take biyowa, domin a nan ne filin jirgin sama na Murtala Muhammed yake, a Ikeja, wanda ya fi kowane fili a ƙasar karɓar kaya.

Najeriya ba ta da doka guda da aka keɓe wa dabbobin gwaji kaɗai, irin wadda Tarayyar Turai ta kafa a 2010. Abin da ake da shi dokoki ne da aka rubuta da wasu dabbobi a zuciya: ta cututtukan dabbobi, wadda shanu da awaki da kaji ne asalin damuwarta, ta kare namun daji, da ta halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Ɓeran da nauyinsa bai wuce giram 30 ba, sai ya bi ta ƙofofin da aka gina domin bijimi.

Dalilin sa ido

Tarihin wannan sha'ani cike yake da cututtukan da suka tsallaka teku a cikin akwatin dabbobi. A 1958 aka fara gane ƙyandar biri a jikin wasu birai da aka kai wata cibiyar bincike a Kwafanhagen ta ƙasar Denmak. A 1967 kuma aka kai birai irin kirka daga Yuganda zuwa Jamus da Yugoslabiya, domin a yi amfani da ƙodarsu wajen haɗa allurar riga-kafi. Ma'aikatan da suka taɓa jininsu da namansu a biranen Marburg da Frankfurt da Belgrade suka kwanta da zazzaɓi mai sa zubar jini. Mutum 31 suka kamu, bakwai suka mutu, cutar kuma ta ɗauki sunan Marburg har yau. A 1989 aka gano wani nau'in ƙwayar Ebola a jikin birai da aka kawo daga Filifin zuwa wurin killacewa a Reston, kusa da Washington. Wannan nau'in bai kwantar da mutane ba, amma ya sa Amurka ta ƙara tsaurara ƙa'idojin shigo da birai.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da gida. A watan Afrilun 2003 aka yi jigilar ƙananan dabbobi kimanin 800 daga Gana zuwa jihar Texas, har da gafiya. Waɗannan na kasuwar dabbobin ado ne, amma darasin ɗaya ne: ƙyandar biri ta fita daga jikinsu ta shiga wasu dabbobin ado da aka ajiye tare da su, daga nan ta kama mutum 47 a jihohi shida, Amurka kuma ta hana shigo da dangin ɓera daga Afirka. Najeriya kanta ta san abin da ɓera ke iya ɗauka, tunda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ɓeran gida ne ke yaɗa shi.

Hukumomi da takardu

Ginshiƙin dokokin shi ne dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda aka fara kafawa a 1988 zamanin mulkin soja, aka kuma maye gurbinta da sabuwa a 2022. A ƙarƙashinta ba a shigo da dabba mai rai, ko ƙwan ƙyanƙyasa, ko maniyyin dabba, sai da takardar izini daga ofishin babban likitan dabbobi na tarayya da ke Abuja. Ana neman izinin kafin dabbar ta baro ƙasarta, kuma a cikinsa ake rubuta sharuɗɗan da za a cika. Wannan ofishi ya daɗe a ƙarƙashin ma'aikatar gona, sai a 2024 aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, harkokin lafiyar dabbobi suka koma can.

Takarda ta biyu ita ce ta shaidar lafiya, wadda likitan dabbobi na gwamnatin ƙasar da aka sayo dabbar ke sa wa hannu 'yan kwanaki kafin tafiya. Kamfanonin da ke kiwon ɓerayen bincike sukan haɗa da rahoton gwaje-gwajen da suka yi wa garken, inda suke lissafa ƙwayoyin cutar da aka bincika ba a samu ba.

A bakin iyaka kuwa, aikin na hukumar NAQS ne, mai killace dabbobi da tsirrai da halittun ruwa, wadda dokar kafa ta ta samu sa hannun shugaban ƙasa a 2018. Jami'anta suna filin jirgin Ikeja da tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can da kan iyakar Seme. Su ke duba takardu, su duba kayan, kuma suna da ikon killace dabba, ko mayar da ita inda ta fito, ko halaka ta idan ba ta cika sharaɗi ba. Hukumar kwastam tana nata aikin na haraji da tantance kaya, wanda galibi ejan ne ke bi wa mai kayan.

Idan biri ne, sai wata ƙofa ta ƙaru. Yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, ta sa dukkan dangin birai a cikin jerin dabbobin da ake sa wa cinikinsu ido, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shige ta. Yarjejeniyar ta kasa dabbobin rukuni-rukuni gwargwadon haɗarin ƙarewarsu: birin da ke rukuni na biyu yana buƙatar izinin fitarwa daga ƙasarsa. Wanda ke rukuni na ɗaya, kamar cimfanzi, sai an haɗa da izinin shigarwa daga ƙasar da za ta karɓe shi. Hukuncin bai tsaya kan dabba mai rai ba, ya shafi jininta da tsokarta da ake aikawa a kwalba. A cikin gida dokar 1985 ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ita ke aiwatar da yarjejeniyar: ma'aikatar muhalli ke ba da izini, hukumar NESREA mai aiwatar da dokokin muhalli ke bin masu karya doka. An taɓa dakatar da Najeriya daga cinikin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar a 2005 saboda raunin aiwatarwa, ba a ɗage ba sai 2011.

Ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado, waɗanda binciken ciwon daji da ciwon suga da sikila ya dogara da su sosai a yanzu, suna ƙarƙashin NBMA, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan halittu, wadda aka kafa da dokar 2015, bisa yarjejeniyar Kartahena ta shekarar 2000 kan jigilarsu tsakanin ƙasashe. Abin da hukumar ke son tabbatarwa shi ne dabbar za ta zauna a kulle, ba za ta kuɓuce ta yi barbara da ɓerayen gari ba.

Akwati da jirgi

Yadda za a ɗaure kayan, ƙa'idojin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ake bi. Tana sabunta su kowace shekara, kuma kamfanin jirgi ba ya karɓar dabba sai an cika su. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris, wadda aka kafa a 1924, ita ma tana da babi a kan jigilar dabbobi ta sama da kuma amfani da su wajen bincike.

Akwatin ɓerayen gwaji na roba ne ko kwali mai kauri da aka ƙarfafa yadda haƙori ba zai huda shi ba. Tagoginsa a rufe suke da matata mai barin iska ta shiga amma ta tare ƙwayoyin cuta. Ana shimfiɗa ɓuntun katako a ƙasa, a zuba abinci, a maimakon ruwa kuma a sa wani abu mai kama da kamu wanda dabbar ke lasa, domin ruwan kwalba zai zube ya jiƙa shimfiɗa. A jikin akwatin akwai kibiyoyi masu nuna sama, da alamar da ke sanar da cewa dabbobin gwaji ne, da ƙarin gefe da ke hana wasu kaya toshe tagogin.

A nan ne manufar doka da ta mai bincike suke cin karo. Doka tana tsare ƙasa daga abin da dabbar ke ɗauke da shi, don haka jami'i yana son ya ga abin da ke ciki. Mai bincike kuwa kuɗinsa ya biya domin tsabtar dabbar: ɓeran da aka haifa a ɗakin da ake tace iskarsa, aka tabbatar ba ya ɗauke da wasu sanannun cututtuka. Da zarar an ɗaga murfin a cikin sito mai ƙura, inda ɓerayen gari ke kai da kawo da dare, wannan tabbacin ya tafi, ko da dabbar ta isa da ranta. Shi ya sa ake yi wa irin waɗannan akwatuna ƙaramar taga mai gani, a leƙa ba tare da an buɗe ba, kuma masu shigowa da suka san aikin sukan sanar da jami'an killacewa ranar saukar jirgi tun da wuri, su nemi a yi cikakken dubawa a ɗakin dabbobi na cibiyar da za ta karɓa.

Zafin Legas

Ɗakin ɓerayen gwaji ana riƙe shi ne a zafin digiri 20 zuwa 26. Ɓera ba ya gumi kamar mutum, kuma a cikin akwati mai matata zafin jikin 'yan uwansa yana taruwa. A Legas, daga Fabrairu zuwa Afrilu, zafin rana yakan haura digiri 30, ga laima a iska. Don haka haɗari mafi girma a tafiyar yana zuwa ne bayan jirgi ya sauka: sa'o'in da akwatin zai yi a filin sauke kaya, ko a sitocin kamfanonin da ke hidimar kaya irin su NAHCO da SAHCO, yana jiran a kammala takardu. Kuskuren lamba ɗaya tsakanin takardar izini da takardar jirgi ya isa ya sa kaya su kwana. Jirgin da ya sauka daren Juma'a, ko gab da hutun sallah, yana iya jawo jiran da abincin cikin akwatin ba zai kai ba.

Bayan an fita daga filin kuma ga gosulo. Daga Ikeja zuwa Yaba, inda cibiyar binciken likitanci ta ƙasa NIMR take, ko zuwa kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama, tafiyar ba ta da nisa, amma tana iya cin sa'o'i. Mota mai na'urar sanyaya iska wajibi ce, kuma an fi son a ɗauko kayan da asuba. Idan dabbobin sun isa, akan bar su su huta kwana uku zuwa bakwai kafin a fara wani gwaji, domin wahalar tafiya tana sauya nauyinsu da sinadaran jininsu. Birai kuwa killacewarsu ta fi tsawo; a Amurka ba ta gaza kwana 31, tare da gwajin tarin fuka.

Jigila a cikin gida

Yawancin ɓerayen da ɗalibai da malamai ke amfani da su a Legas ba daga waje suke zuwa ba. Ana samunsu daga ɗakunan dabbobi na jami'o'i, da masu kiwo masu zaman kansu, wasu kuma daga Ibadan ko daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Akan kira su da sunan Wistar, zuriyar farin ɓera da ta samo asali daga wata cibiya a Filadelfiya a farkon ƙarni na 20, ko da yake bayan shekaru ana haɗa su barkatai, sunan ya fi zama na launi fiye da na tsatso.

Duk fataken da ke ɗauko shanu daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba a Agege sun san shingayen duba dabbobi a Jebba ko Lokoja, da takardun da ake tambaya. Kwandon ɓeraye ashirin da ɗalibi ya sa a but ɗin motar haya kuwa, da wuya wani ya tambaye shi. Dokar manyan laifuka ta hana ɗaukar dabba ta hanyar da za ta wahalar da ita ba gaira ba dalili, amma ba ta fayyace girman akwati ko tsawon tafiya ba. Wannan giɓi kwamitocin ɗa'ar amfani da dabbobi ke ƙoƙarin cikewa, irin waɗanda Jami'ar Ibadan da kwalejin likitanci ta Idi-Araba suke da su. Mai bincike yakan bayyana musu inda zai samo dabbobin, da adadinsu, da yadda zai kula da su, kafin a ba shi lambar amincewa, wadda mujallun kimiyya ke nema kafin su buga sakamako. Ma'aunin da suke bi shi ne wanda masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba idan akwai wata hanya, a rage yawansu, a kuma sassauta musu wahala.

Sauye-sauyen baya-bayan nan

Samun jirgin da zai ɗauki dabbobin gwaji yana ƙara wuya. Manyan kamfanonin jirage da yawa sun daina ɗaukar birai na bincike saboda matsin lambar masu kare haƙƙin dabbobi. Ƙasashen da ke sayarwa ma sukan rufe ƙofa: Indiya ta hana fitar da biranta a 1978, Sin kuma ta dakatar a 2020 lokacin annobar korona, farashin biri ya yi tashin gwauron zabi a duniya.

Ga ɓeraye, hanyar da cibiyoyi da yawa suka koma ita ce aika maniyyi ko ɗan tayin da bai wuce 'yan ƙwayoyi ba, a daskare cikin tulu mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Tulun yana riƙe sanyinsa kwanaki, ba ya jin zafin Ikeja, ba ya buƙatar abinci. Amma shi ma sai da takardar izinin shigowa, kuma cibiyar da ta karɓa tana buƙatar ƙwararrun da za su dasa tayin a cikin macen ɓera, da ɗaki mai tsabta da wutar lantarki da ba ta yankewa, inda 'ya'yan za su girma.