Waiwaye: Yadda Usur Ɗin Alƙali Ya Shiga Lissafin Masu Hasashen NBA

Duk ranar da za a buga wasan fitar da gwani a gasar ƙwallon kwando ta NBA, da misalin ƙarfe 9 na safe agogon gabashin Amurka, hukumar gasar kan wallafa sunayen alƙalai ukun da za su busa wasan. Kafin rana ta take, masu sharhi sun tono tarihin kowanne: keta nawa yake busawa a wasa, sau nawa masu masauki suka ci a hannunsa, wane tauraro ne ba sa ga maciji da juna. Da can ɓoye sunayen ake yi sai dab da fara wasa. Badaƙalar caca ce ta tilasta aka buɗe su, kuma zargin da ke bin alƙalan ya girme ta da shekaru.

Alƙalai biyu ne ke kula da 'yan wasa goma har ƙarshen shekarun 1980. An gwada uku a kakar 1978-79 aka janye, sai a 1988-89 abin ya zauna. Ɗaya yana tsayawa a layin ƙarshe kusa da kwando, ɗaya yana biye da ƙwallo daga baya, na uku yana ɗaya gefen daidai layin jifan kyauta. Idan ƙwallo ta sauya gefe, na ƙarƙashin kwando yakan tsallaka, sauran biyun su yi musayar aiki. A tsakiyar wannan juyi ake yawan rasa keta, domin akwai ɗan ƙiftawar ido da jikin ɗan wasa ke tare wa alƙali gani, shi kuwa abokin aikinsa bai kai inda zai hango ba. Ana horar da alƙali kada ya busa abin da bai gani ba, don haka sai ya yi shiru.

Dokokin keta ne suka ba usur nauyin da yake da shi. Ɗan wasa na fita daga fili da keta ta shida. Ƙungiya kuma da zarar ta kai keta ta biyar a zango guda na minti 12, kowace ketar tsaro daga nan jifan kyauta biyu ce ga abokan karawa. A minti biyun ƙarshe na zango, keta ta biyu ma ta isa. Busa biyu a kan dogon mai tsaron kwando cikin minti shida na farko kan sa koci ya zaunar da shi har zango na biyu, kuma duk hasashen da aka gina a kan cewa shi zai hana shiga ƙarƙashin kwando ya rushe ke nan.

Wasan da har yau ake komawa gare shi shi ne na 31 ga Mayu, 2002, wasa na shida a ƙarshen gasar shiyyar yamma. A wasannin fitar da gwani, har da na ƙarshe, ƙungiyoyi biyu kan yi karawa ce mai wasanni har bakwai, wadda ta fara cin huɗu ita ce mai nasara. Sacramento Kings na gaba da ci uku da biyu, nasara ɗaya ta rage mata ta fitar da Los Angeles Lakers mai riƙe da kofi. An shiga zango na huɗu kunnen doki, 75 da 75. A zangon kaɗai Lakers ta samu jifan kyauta 27, Kings ta samu 9. Dogayen Kings biyu, Vlade Divac da Scot Pollard, duk sun fita da keta shida a ƙoƙarin tsare Shaquille O'Neal na Lakers. Saura daƙiƙoƙi kaɗan, gwiwar hannun Kobe Bryant na Lakers ta daki hancin Mike Bibby na Kings har jini ya fito, ba a busa wa Bryant komai ba. Lakers ta ci 106 da 102, ta je Sacramento ta ci wasa na bakwai a ƙarin lokaci. Ralph Nader, fitaccen mai kare haƙƙin masu sayen kaya, har wasiƙa ya rubuta wa shugaban gasar David Stern yana neman a bincika. Masu kare alƙalan ranar, Dick Bavetta da Bob Delaney da Ted Bernhardt, suna da abin faɗa: wasu daga cikin jifan nan 27 sun zo ne daga ketar ganganci da Kings ta yi a ƙarshe don tsayar da agogo, kuma O'Neal mutum ne da ba ya tsaruwa sai da keta. Duk da haka, wanda ya zauna ya sake kallon zangon zai ga busa da dama da ke da wuyar karewa.

Wannan karawa ta bar gado na biyu. A wasa na huɗu an ƙirga wa Samaki Walker na Lakers maki uku a jifar da ya saki bayan ƙararrawar hutun rabin lokaci, Lakers kuma ta ci wasan da maki ɗaya tak, 100 da 99. Kakar da ta biyo baya aka fara duba bidiyo, amma a kan jifar ƙarshen zango kawai.

A wasan ƙarshe na 2006 Dwyane Wade na Miami shi kaɗai ya yi jifan kyauta 25 a wasa na biyar, daidai da na ƙungiyar Dallas gaba ɗaya, aka ci tarar mai ƙungiyar Dallas Mark Cuban dala 250,000 saboda abin da ya yi bayan tashi. A Afrilun 2007 kuma alƙali Joey Crawford ya kori Tim Duncan na San Antonio daga wasa alhali yana zaune a benci yana dariya, Stern ya dakatar da Crawford har ya rasa wasannin fitar da gwani na shekarar.

Sai guguwar Tim Donaghy. Ya yi kaka 13 yana alƙalanci, ya ajiye aiki a Yulin 2007 lokacin da hukumar FBI ke bincikensa, a Agusta ya amsa laifuka biyu a kotun tarayya, a Yulin 2008 aka ɗaure shi wata 15. Ya amsa cewa ya yi caca a kan wasanni har da waɗanda shi ya busa, kuma ya riƙa ba 'yan caca bayanan cikin gida: wa ke da rauni, wane alƙali aka tura wane wasa, yaya dangantakarsa take da koci ko tauraron ƙungiyar. Wato sunan alƙali kansa haja ce mai tsada muddin yana ɓoye. Shi ya sa maganin da aka kawo ya zama wallafa sunayen da safe, kowa ya sani lokaci guda. A Yunin 2008, ana tsakiyar wasan ƙarshe, lauyan Donaghy ya miƙa wa kotu takardar da ke zargin cewa an karkata wani wasa na shida a 2002 don a kai ga na bakwai. Stern ya ƙaryata. Binciken da tsohon mai gabatar da ƙara Lawrence Pedowitz ya yi wa gasar, wanda ya fito a Oktoban 2008, bai samu hujjar cewa wani alƙali ban da Donaghy ya yi caca a kan wasanni ba, bai kuma samu hujjar maguɗi a wasan 2002 ba, ko da yake ya yarda an yi kurakurai a cikinsa. Masu shakka suka ce ai gasar ce ta ɗauko mai binciken.

Daga nan kusan duk gyaran da aka yi na fito da bayani fili ne. A kakar 2014-15 aka buɗe cibiyar duba bidiyo a Secaucus ta jihar New Jersey. A Maris 2015 aka fara fitar da rahoton minti biyun ƙarshe, wanda a tsarinsa na yanzu ke fitowa washegarin duk wasan da tazarar maki ta kai uku ko ƙasa da haka a minti biyun ƙarshe ko a ƙarin lokaci. Rahoton na bin wasa daƙiƙa-daƙiƙa yana kasa hukunci gida huɗu: busa daidai, busa kuskure, shiru daidai, shiru kuskure. Ƙungiyar ƙwadagon alƙalai ta nemi a soke shi tun 2016, da hujjar cewa ba ya canza sakamako, sai dai ya ƙara tunzura mutane a kansu. A nan suna da gaskiya rabi. Rahoton ba ya duba minti 46 na farko, inda ake tara ketar da ke zaunar da taurari.

Tun 2019-20 koci na da damar ƙalubalantar hukunci. Sai yana da ragowar hutun neman shawara, ya kira shi nan take, ya juya yatsa sama. Abubuwa uku yake iya kaiwa gaban bidiyo: ketar da aka busa wa ɗan wasansa, wanda ƙwallo ta taɓa kafin ta fita, da taɓa ƙwallo tana gangarowa kwando. Daga 2023-24, idan ya yi nasara a na farko yana samun na biyu. Babban giɓin shi ne ba a ƙalubalantar shiru. Idan alƙali bai busa ba, babu abin da za a kai Secaucus. Detroit ta ɗanɗana wannan a Afrilun 2025, lokacin da Josh Hart na New York ya bangaji Tim Hardaway Jr. yana jifar maki uku a daƙiƙar ƙarshe. An tashi 94 da 93, shugaban alƙalan ranar David Guthrie ya amsa bayan wasa cewa ya kamata a busa, sakamakon kuma ya zauna daram.

Ƙungiyoyi sun koyi nasu salon. Houston ta tattara kurakurai 81 da ta ce an yi a wasa na bakwai da Golden State a 2018, wasan da ita kanta ta zubar da jifar maki uku sau 27 a jere. A Mayun 2024 Indiana ta aika wa hukumar gasar wurare 78 daga wasanni biyu da New York, kocinta Rick Carlisle ya ce ƙungiyoyin ƙananan birane ma sun cancanci adalci, aka ci shi tarar dala 35,000. Kocin da ke irin wannan magana ya san wasan da ya wuce ya wuce. Kunnen alƙalan wasa na gaba yake nema, tarar kuwa kuɗin aika saƙo ce.

Caca ta ƙara wa lamarin zafi. A ranar 14 ga Mayu, 2018, Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, cikin watanni kaɗan NBA ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin caca na MGM. Yanzu jifan kyauta biyu a daƙiƙar ƙarshe na wasan da an riga an san mai nasara na iya juya kuɗin dubban mutane, domin ana caca a kan tazarar maki da jimillarsu. Mai kallon da ya yi asara ba ya ganin kuskure, maguɗi yake gani.

To me sunan alƙali ke gaya wa mai hasashe? Ƙasa da abin da ake zato. Scott Foster ne misali: magoya baya sun laƙaba masa suna mai tsawaita karawa, kuma ɗan wasa Chris Paul ya sha kashi a wasannin fitar da gwani fiye da goma a jere a hannunsa kafin abin ya karye a Afrilun 2023. Amma wasanni goma sha wani abu, a ƙungiyoyi daban-daban cikin shekaru masu yawa, ba su isa hujja ba. Akwai kuma abin da ake mantawa: ana fara zagayen farko da alƙalai 36, a riƙa tacewa har a kai 12 a wasan ƙarshe, kuma manyan cikinsu ake tura wa wasan da ƙungiya ke bakin fita. Ƙungiyar da ke bakin fita a gidanta dama takan fito da dukkan ƙarfinta. Binciken masana tattalin arziki uku, Joseph Price da Marc Remer da Daniel Stone, ya samu ɗan karkata ga masu masauki da waɗanda ke baya a maki ko a karawa, a irin hukuncin da ke hannun alƙali. Karkata ce ƙarama, irin wadda ihun 'yan kallo kaɗai kan iya haifarwa ba tare da wani ya ba da umarni ba.

Abin da ya fi amfani shi ne a haɗa salon alƙalan da salon ƙungiyoyin. Ƙungiyar da ke kutsawa ƙarƙashin kwando tana cin riba idan usur na saurin tashi. Mai tsaro da jiki, da riƙe-riƙe da ture-ture, tana so a bar su su buga. Bambancin yawan jifan kyauta shi kaɗai ba shaida ba ne, domin mai yawan jifa daga nesa dama ba a cika yi masa keta ba. A duba mutum nawa ƙungiya ke da su da za su maye gurbin dogonta idan ya shiga matsalar keta. A duba yadda aka busa minti biyar na farko, musamman mai tsaron da ya yi tsalle tsaye hannuwa sama aka yi karo da shi, da wanda ya sa ƙafa inda mai jifa zai sauka. An tsaurara wannan na biyun ne bayan 2017, lokacin da Kawhi Leonard na San Antonio ya sauka a ƙafar Zaza Pachulia na Golden State ya gurɗe, San Antonio tana gaba da maki fiye da 20, ta kuma rasa wasan da karawar duka.

Sannan a buɗe kundin ladabtarwa, wanda masu hasashe da yawa ke tsallakewa. A wasannin fitar da gwani, laifin rashin ɗa'a na bakwai na jawo dakatarwar wasa ɗaya. Muguwar keta mataki na ɗaya makin laifi ɗaya ce, mataki na biyu maki biyu, wanda ya wuce uku ya zauna a gida. Ofishin gasar na iya ƙara laifi ko ɗaga matakinsa bayan an tashi, ko da alƙalan fili ba su busa haka ba. Da wannan hanya aka dakatar da Draymond Green na Golden State daga wasa na biyar a wasan ƙarshe na 2016, Golden State tana gaba uku da ɗaya, Cleveland ta cinye ukun da suka rage.

Ƙofar ƙarshe ita ce ƙorafi a rubuce, kuma ƙunƙuntacciya ce. Ana biyan dala 10,000, sannan sai an nuna cewa doka aka yi wa mummunar fassara. Kuskuren gani ba ya shiga. An karɓi na Miami a kan wasanta da Atlanta na Disamban 2007 ne saboda masu rubuta maki sun ƙirga wa Shaquille O'Neal keta shida alhali biyar gare shi, aka sake buga daƙiƙa 51.9 na ƙarshe a Maris 2008, lokacin O'Neal ya riga ya koma Phoenix. Na New York a kan Houston a Fabrairun 2024 kuwa an yi watsi da shi, duk da cewa shugaban alƙalan wasan da kansa ya ce busar da ta raba gardama kuskure ce.