Mai jiran operasiyon ta zuciya: mi za shi ci, yaushe za shi kame baki

Salamu alaikum ƴan uwa. Ni ma'aikaciyar lahiya ce nan Yamai, kuma maganata ta yau da ku masu jinya take, ke inna da ke riƙe da tukunya, kai yaya da ke yawon parmasi da ordonans a hannu, da ke uwargida da ke kwana bisa tabarma gehen gadon mai gida. Da zaran lokotoron zuciya ya ce sai an yi aiki, ko nan gida ko a hitar da mutum Tunisiya ko Maroko ko Indiya, hankalin kowa sai shi koma wajen kuɗi da takardu da biza, tukunya kuwa babu mai tuna ta, alhali abin da mutum ya ci cikin satuttukan ga na jira shi ne jikin da za shi shiga bulok, wato ɗakin operasiyon, da shi.

Abin da ya hi damuna shi ne yunwar da ake sa ma marar lahiya da sunan kiyayewa. Wani ya ce mai ciwon zuciya ba shi cin nama, wata ta ce ƙwai haramun ne gare shi, maƙwabciya ta ce a daina sa mai, kahin ka ankara an bar bawan Allah da kunu tsararo da hwarar shinkahwa sahe da dare har wata biyu. Shi kuma da ma ciwon ya kashe mishi marmari, domin in zuciya ta gaza ruwa na taruwa cikin hanta da hanji, loma biyu sai shi ji ya ƙoshi. Kuna kallon ƙahwa ta kumbura da ciki ya tasa kuna cewa ai bai rame ba, to ruwa ne wannan, ku dubi damtsenshi da wuyanshi ku gani. A aikin zuciya mahi yawa ana raba ƙashin tsakiyar ƙirji ne, a gama a ɗaure shi da waya, kuma ƙashin ga na ɗaukar sati 6 zuwa 8 kahin shi haɗe. Da mi za shi haɗe in jiki babu abin gini? Cikin analiz ɗin jini akwai wani da ake kira albumin, in ya sauka ƙasa da giram 30 a lita an san jikin ya sha yunwa, kuma irin waɗanga su ne ciwonsu ke daɗewa bai warke ba, su ke daɗewa a reyanimasiyon, ɗakin masu jinya mai tsanani. Shi ya sa in da hali ake ba su kwana 7 zuwa 10 ko hiye ana ƙara musu abinci tukuna a yi aikin.

To mi za a dahwa? Abin da muka sani ne, ba sai na kanti ba. Wake, ko cikin shinkahwa ko a miya ko ɗanwake marar kanwa, ƙwai dahwahhe, kihin Isa ɗanye a yi romonshi, kaza ko zabo a cire hwata, jan nama marar kitse, nono da anka tahwasa, awara ga mai samu, ƙuli-ƙuli kaɗan. Ga mai shirin aiki babba ana so shi samu kamar giram 1,2 zuwa 1,5 na protein, sinadarin gina jiki da ke cikin abinci, a kowane kilo na nauyinshi kullum, wato mai kilo 60 shina bukatar giram 70 zuwa 90, ƙwai guda kuwa giram 6 kacal ke cikinshi, kun ga ke nan ƙwai ɗaya da sahe bai isa a ce an yi ƙoƙari ba, sai kowane ci an ga wani abu daga cikin waɗanga a kwano. Kuma kar a cika mishi tasa a zauna ana mishi hwaɗa, a raba kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a wuni ya hi shiga. Wanda ƙodarshi ke da matsala shi kam lissahinshi daban ne, lokotoro ke yanka mishi.

Sai jini. Matanmu da yawa da ƴan matan da balb ɗinsu, ƙyauren da ke buɗewa da ruhewa cikin zuciya, ya lalace sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi magani ba, suna zuwa da ƙarancin jini, awon hemoglobin cikin analiz ƙasa da 12 ga mace ko 13 ga namiji, kuma wanda ya shiga bulok haka shi ya hi bukatar a yi ta ƙara mishi jini. Nama da ɗan hanta sau ɗaya a sati da wake suna taimako saboda sinadarin ƙarhe mai gina jini da ke cikinsu, a matsa lemun tsami a kai ko a ci goba ko tumatir ɗanye domin ƙarhen ya shiga jiki da kyau. Shayin nan namu mai kauri da ake zubawa ana gama cin abinci shina hana ƙarhen shiga, a bari sai bayan awa ɗaya ko biyu, kuma a rage mishi kauri domin shi da goro da kahe suna sa zuciya bugu da sauri. In jini ya yi ƙasa sosai abinci kaɗai ba shi tada shi cikin sati biyu, sai da kwamprime ko ƙarhen da ake sawa ta jijiya, saboda haka a yi analiz da wuri, tun ran gini ran zane.

Yanzu gishiri, nan ne rigimarmu da masu girki take. OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta ce lahiyayyen mutum ma kar shi wuce giram 5 a wuni, ƙaramin cokalin shayi guda ke nan duka da duka, bare mai kumburi. Hajiya za ta rantse miki ba ta sa gishiri ba, amma ta murza magi uku ta zuba arom ta kawo yaji mai gishiri a gehe, to dunƙulen magi kusan rabinshi gishiri ne. Kilishi, tsire, hwara da anka soya da magi, sardin na buwat, busasshen kihi mai gishiri, indomi da garin cikinta, duk a ajiye su sai bayan an warke an ji abin da lokotoro za shi ce. Masu tahiya waje ku ma kar a cika balis da kilishi a ce guzurin marar lahiya ne. Kanwa kuma mutane ba su lissahinta cikin gishiri ko kaɗan, alhali sodiyom ce ita ma, aikinsu guda wajen riƙe ruwa a jiki, da wadda ake sawa a wake don shi nuna da wuri da ta miyar kuɓewa da kunun kanwa na masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya sunka lura da yadda kunun kanwa mai yawa ke tahiya tare da gazawar zuciya bayan haihuwa. A jiƙa wake tun dare shi nuna ba kanwa. Daɗin miya kuwa ai muna da albasar Galmi, da tumatir da tattasai da ɗan daddawa da lemun tsami, baki shina sabawa cikin sati biyu zuwa uku, kuma wallahi ya hi sauƙi in gidan duka anka rage tare, da a ware mutum ɗaya da lami shina kallon kowa na lasar hannu. Gishirin parmasi da ake cewa na masu tansiyon kar ku saye da kanku, potasiyom ne cikinshi, ga mai shan maganin zuciya irin Aldactone ko captopril shina iya dagula bugun zuciya.

Ruwan sha ba ni iya yanka muku a nan, domin wani an ce kar shi wuce lita ɗaya da rabi, leda uku ta piya wata ke nan har da kunu da romo cikin lissahi, wani kuwa shina shan Lasilix, maganin sa hitsari, cikin zahin Afirilu na Yamai shina iya bushewa. Ku tambaya a rubuta muku. Abin da ya shahi kowa shi ne awo, in da sikeli a hau kowace sahiya, in kilo 2 ya ƙaru cikin kwana 3 ba ƙiba ce ba, ku koma asibiti kar ku jira randebu.

Masu diyabet, sukari in ya hau ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama cikin ciwon ƙirji, kuma ciwon ƙashin ƙirji in ya ruɓe abu ne mai wuyar gaske. Jus na kwalba, bisap da lemu hari da anka cika ma sukari, hura da sukari cokali uku, a bar su. Amma kar a ce don sukari a hana mutum abinci, tuwon hatsi daidai misali da miya mai ganye da wake ya hi mishi burodi da shayi mai madara.

Ganye hwa, kopto da dambun zogala da rama da yakuwa da kabeji abinci ne mai kyau, sai dai ga mai shan Sintrom ko warfarin, maganin nan na tsinka jini. Ganye na ɗauke da bitamin K wanda ke rage ƙarhin maganin. Ba a ce a daina ci ba, abin da ake so kar a yi yau tasa cike gobe babu har sati, a riƙe ma'auni guda domin INR, awon tsinkewar jini, shi zauna. Sintrom ɗin kanshi da su Plavix, wani maganin hana jini daskarewa, ana tsaida su kwanaki kahin aiki, amma ranar tsaidawa lokotoro ke hwaɗi, aspirin ma sau da yawa ana ci gaba da shi, saboda haka kar wanda ya yi ma kanshi hukunci.

Ga wadda nike roƙonku da girman Allah. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da garin magani na mai yawo a kasuwa, da kwalaben ƙarin ƙarhi da ake tallarsu a WhatsApp, a tsaida su sati 2 kahin aiki kuma a hwaɗa ma mai anestezi an sha. Tahwarnuwa da citta na cikin miya ba komi, amma haɗiyar tahwarnuwa ɗanya kullum a matsayin magani ko kwamprimenta na iya sa jini shi ƙi tsayawa. Na san dangi da ƙauna suke kawowa, kowa ya zo dubiya da ƙullinshi, ku karɓa ku yi godiya ku ajiye. Taba ta sha da ta ci wadda tsohhinmu ke haɗawa da kanwa, da shisha da giya, a bari aƙalla sati 4 kahin ranar, huhu ne za shi gode muku sa'adda anka cire injin numhwashi. Mai shan tramol ko giya a ɓoye shi keɓe da mai anestezi shi hwaɗi, ba a kai ƙarar kowa, lissahin maganin barci da na zahi ke canzawa. Azumin nahila ko na ramuwa a ɗage shi, addini ya yi ma marar lahiya rangwame.

Satin ƙarshe a kiyaye abincin titi da salati da ba a wanke da kyau ba da nonon da ba a tahwasa ba, zawo ko zazzaɓi na kwana biyu sun isa a ɗage aikin da anka yi wata shida ana jira. Haƙori mai ciwo ma a nuna tun da wuri, musamman ga wanda za a sa ma sabon balb, ƙwayoyin baki na bin jini su sauka kanshi.

Daren jajibiri kuma ba daren walima ba ne. Abinci marar nauyi, ɗan shinkahwa ko tuwo da romo, ban da soye-soye da nama mai kitse domin su suna kai awa 8 cikin ciki. Ƙa'idar da masu anestezi ke bi ita ce awa 6 ba abinci, ruwa garai wanda kake hango gindin kohi ta cikinshi ana iya sha har saura awa 2, wasu sarwis kuma suna cewa daga sha biyun dare kar a sa komi, to abin da naku sunka ce shi za ku bi ko da ya saɓa ma abin da na rubuta. Ku ji ni da kyau iyayena mata, hura ba ruwa ce ba, kunu da koko ba ruwa ne ba, solani da madara da shayi mai madara duk abinci ne, goro ma kar a tauna. In anka sa mutum barci, tari da haɗiya da ke tsare hanyar iska suna tsayawa, abin da ke cikin ciki shina iya tasowa shi gangara huhu tare da tsamin ciki, shi ƙona huhun, wani likitan Amurka mai suna Mendelson ya bayyana wanga tun 1946 ga mata masu haihuwa, kuma har yau shina kashewa. Na san zahin ganin ɗiyanka na kuka da ƙishirwa da asuba, uwa ta ce ɗan ludayi guda dai don kar shi shiga da cikin wohi, to ludayin ga ne ake tsoro. Jariri mai shan mama shi awa 4 ake ba shi, mai madarar gwangwani awa 6, ku tambayi ƙarhe nawa daidai ku sa a waya.

Magungunan sahiyar ranar, wasu ana haɗiye su da kurɓin ruwa guda, wasu kamar na sukari ana tsaidawa, ku zo da ledar magani duka ranar ganin mai anestezi a ware muku ɗaya bayan ɗaya. Mai diyabet in ya ji rawar jiki da zuhwa mai sanyi cikin awannin kame baki a kira majo nan take a auna a sa mishi serom, kar a tura mishi dabino a ɓoye. In kuma an riga an ba shi wani abu, ko kaka ta ba shi ko shi ya ɗauka da kanshi cikin dare, ku hwaɗi mi ya ci da ƙarhe nawa tun ba a tura gadon ba, sau da yawa ƴan awanni kawai za a jinkirta a shiga da shi.