Iyaye, a raba kunnen yara da tsinke

Har yau ana kawo mana yara a Bauchi kunne ɗaya na zubar da mugunya. Da ka tambaya sai uwa ta ce ai dauɗa kawai ta cire masa da tsinken ashana. Daga baya kuma ta ƙara da cewa ai ɗaya kunnen lafiya lau yake, yana ji.

Hajiya, kunne ɗaya ba ya isa. Yaro zai ji ƙara, amma ba zai san daga ina ta taso ba. Idan ɗan acaɓa ya danna oda daga dama, sautin yakan riga isa kunnen dama, tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma kai yakan tare wani ɓangarensa kafin ya kai hagu. Da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke cewa juya dama. Lanƙwashe-lanƙwashen kunne na waje su ke taimakawa a gane gaba ne ko baya, sama ko ƙasa. To, ki aiki yaron da kunnensa ɗaya ya lalace ya tsallaka titi a Wunti da yamma, babura ta ko'ina. Oda na tashi a bayansa, shi yana waigen wani gefen.

Ramin kunnen babba bai wuce kusan santimita 2.5 ba, na yaro bai ma kai haka ba, kuma a ƙarshensa dodon kunne yake, siriri kamar ɓawon albasa. Yaro na zabura, tsinke ya huda shi. Ko bai huda ba, ciki kike tura dauɗar tana cushewa. Ashana, gashin kaza, murfin biro, audugar kanti mai tsinke, duk ɗaya ne. Na san tsafta kike nufi, amma don Allah a bari! Dauɗar nan kariya ce daga ƙura, da kanta take fitowa.

A goge wajen kunne kawai da tsumma mai tsabta. In yana zubar da ruwa, kar a ɗiga manja ko magani ba da izinin likita ba, kar ruwan wanka ya shiga. Ƙaramar huda takan warke cikin makonni in an bar kunnen a bushe. In akwai jini, zafi, jiri, ko kin kira yaro yana juyawa wani wajen, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kar a jira sai ya yi wari.