Waiwaye: Tun 1984 giɓi ya fara buɗewa a wasannin jami'o'in Amurka

Duk ƙarshen kakar wasa, kukan kociyoyin ƙananan jami'o'in Amurka ɗaya ne: ka ɗauko yaro daga sakandare, ka sha wahalarsa shekara biyu, yana fara haske sai babbar jami'a ta ɗauke shi. A watan Maris na 2025 jami'ar Saint Francis da ke Pennsylvania ta sanar cewa za ta sauka daga rukuni na ɗaya, wato na manya a wasannin jami'o'i, zuwa na uku, kwanaki kaɗan bayan ta buga gasar ƙwallon kwando ta ƙasa. Masu sharhi da dama na ɗora laifin a kan sauya sheƙa da biyan 'yan wasa, sai ka ce jiya abin ya faro.

Na baya-bayan nan kowa ya sani. A 2018 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta buɗe rajistar masu son sauya makaranta. A 2021 aka yafe musu zaman shekara guda a benci da ake tilasta wa mai sauya makaranta, aka kuma ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 kotu ta amince jami'a ta raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekara.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 1984. Kafin nan NCAA ce ke sayar da 'yancin nuna ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a talabijin a madadin kowa. An ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a, an kuma tilasta wa tashoshi su zagaya da kyamara kan makarantu masu yawa. Har ta kai ga wasan manyan jami'o'in Oklahoma da USC (Jami'ar Kudancin California), wanda tashoshi kusan 200 suka nuna a 1981, ya samu kuɗi daidai da na ƙananan makarantun Citadel da Appalachian State, wanda tashoshi huɗu kacal suka nuna. Kotu ta ce wannan tsari ya saɓa wa dokar gogayya a kasuwa, kuma a shari'ance hujjar tana da ƙarfi. Sai dai daga ranar kowa tasa ta fisshe shi: mai 'yan kallo ya kwashi rabo mai tsoka, maras su ya tashi da abin da ya samu.

Kusan shekara arba'in kuɗin nan na zuba a gefe ɗaya. Da yake an hana a biya ɗan wasa, sai suka tafi ga albashin kociyoyi da gina filaye da ɗakunan atisaye na alfarma. Ƙananan makarantu sun ci gaba da taɓuka abin kirki ne saboda ɗan wasan a ɗaure yake, in ya tafi sai ya yi asarar shekara. A ganina wannan ba daidaito ba ne, matasa ne ke biyan kuɗinsa da guminsu, kuma ban ga laifin yaron da ya fito daga gidan talakawa ya bi inda za a biya shi ba.

Da aka kwance igiyar, sai tsohon giɓin ya fito fili. Yanzu ma diyyar kusan dala biliyan 2.8 da za a biya tsofaffin 'yan wasa cikin shekara goma saboda kuɗin da aka hana su samu a baya, wani kasonta daga rabon ƙananan makarantu ake zaftare shi.